Shin mutanenmu na jin daɗin hutu a bakin teku mai laima? Amsa ga wani ango daga Bauchi

Wani ɗan'uwa daga Bauchi ya aiko da tambaya. Ya ce an kusa sa ranar aurensa, kuma ya daɗe yana tara kuɗi don ya kai amaryarsa Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya da ke tekun Indiya, su yi 'yan kwanaki. Sai wani abokinsa da ya taɓa aiki a Fatakwal ya ce masa kada ya ɓarar da kuɗinsa, wai zafin bakin teku ba ya barin mutum ya sake, hotuna ne kawai ke ruɗar jama'a. Shi ne yake so ya ji gaskiya: masu zuwa suna jin daɗi kuwa, ko dawowa suke su yi gum don kada a ce sun yi asara? Ya rufe da cewa shi dai zafi ba ya damunsa, tunda a Bauchi aka haife shi, a nan ya tashi.

Ango, Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na daɗe ina harkar tafiye-tafiye a nan Gombe. Da tikitin Umara na fara, daga baya mutane suka riƙa zuwa neman a shirya musu hutu, na kuma taka ƙafata na je wuraren da nake tura su, domin ba na son in sayar wa mutum abin da ban gani ba. Amsata ita ce e, galibin waɗanda na tura sun dawo da farin ciki, wasu har sun koma. Amma abokinka bai yi ƙarya ba. Akwai waɗanda suka dawo suna cizon yatsa, kuma da yawansu da irin maganarka ta ƙarshe suka bar gida, cewa su 'yan Arewa ne, zafi ba baƙonsu ba ne. Wannan maganar ce nake so mu zauna a kanta, don ita ce ke raba wanda zai more da wanda zai sha wuya.

Ka san randar da ke zaure ko gindin bishiya a gidajenmu. A tsakiyar bazara, rana na dukan ƙasa kamar za ta tsage, amma ka ɗebo ruwan randa ka ji shi da sanyi har cikin haƙori. Ba ƙanƙara aka saka ba. Ruwan ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓun, busasshiyar iska ta kwashe shi, kuma duk ɗigon da ya bi iska yakan tafi da zafi. Jikin ɗan Adam ma randa ne. Zufa ce ke tsattsafowa, iska ta busar da ita, jiki ya huce. Shi ya sa a Bauchi ko Gombe, ko ma'auni ya kai digiri 40 a watan Maris ko Afrilu, idan ka samu inuwar darbejiya da ɗan kaɗawar iska sai ka ji dama-dama. Iskarmu mai ƙishirwa ce, tana shanye zufar tun kafin ka ankara ka yi ta. A lokacin hunturu laimar da ke cikinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, yara su yi haɓo.

To ɗauki randar nan ka ajiye ta a bakin teku. Iskar can ta riga ta ƙoshi da ruwa, laimarta kan kai kashi 70, 80, wani lokaci fiye. Ba ta da wurin karɓar ƙari. Jikin randar zai jiƙe sharkaf, amma ruwan ciki ba zai yi sanyin da ka sani ba. Haka jikinka zai yi. Zufa za ta fito ta tsaya a kan fata, ta gangaro ta bayan wuya, ta jiƙa riga, amma ba za ta bushe ba balle ta sanyaya ka. Masana yanayi suna da lissafin yadda jiki ke jin zafi idan an haɗa shi da laima: digiri 32 tare da laima kashi 70 cikin 100, jiki kan ji shi kamar digiri 41. Saboda haka idan ka duba wayarka ka ga an rubuta Zanzibar 31, Bauchi 39, kada ka ce can sanyi ake yi. Lambobin ba harshe ɗaya suke yi ba.

Sai kuma dare. Mu a nan, ko a tsananin bazara, mukan fito da tabarma tsakar gida, zuwa ƙarshen dare a samu sauƙi, da asuba har wani ya ja mayafi. A bakin teku dare ba ya sauka sosai, domin ruwa yana riƙe ɗumin da ya sha da rana, laima kuma ta hana shi tashi. A watanninsu na zafi ma'auni ba ya faɗuwa ƙasa da 24 ko 25 da dare, ga iska mai nauyi. Wanda bai yi barci ba kuwa, ko a Aljannar duniya ka ajiye shi, da safe ba zai ga kyanta ba.

Ka taɓa ɗanɗana irin wannan ba tare da ka sani ba. Ka tuna ranakun damina da hadari ya haɗu ya ƙi zuba, iska ta ɗauke cak, ganye ko motsi ba ya yi, kowa na fifita da abin da ya samu yana cewa yau akwai ruwa. Wannan cukus ɗin na awa biyu ko uku, shi ne abincin yau da kullum na bakin teku idan babu iska. Alhazanmu ma sun san shi. Tambayi duk wanda ya sauka a Jidda sannan ya wuce Madina, zai gaya maka Madina ta fi ƙuna, amma Jidda ta fi sa mutum ya galabaita.

Ranar da na fara sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar a watan Fabrairu ne. Ina cikin shadda mai sitaci, ɗinkin Sallah, da hula. Ana buɗe ƙofar jirgi na ji kamar an lulluɓa mini tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi. Kafin in gama da jami'an shige da fice shaddar ta manne a bayana. Washegari na fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, tabarauna ya yi hazo fari fat, sai da na tsaya na goge shi da bakin riga, kyamarar waya ma haka. Ƙuli-ƙulin da na ƙulle a leda na bari a buɗe, kwana biyu ya saki ya yi laushi, ba ya ko ƙara a baki. Singiletin da na wanke da dare na shanya, da azahar ɗin gobe da sauran danshi, alhali a Gombe da ka shanya kaya ka je masallaci ka dawo sun bushe ƙayau. A daren farko na ce a raina me mutane ke gani a nan. A kwana na huɗu kuwa ina zaune bakin ruwa bayan la'asar ina lissafin yadda zan ƙara kwana.

Abin da ya faru tsakanin daren farko da kwana na huɗu ba sihiri ba ne, jiki ne ya fara sabawa. Likitoci sun ce cikakken sabo da sabon zafi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, amma kaso mai yawa na samuwa a kwanakin farko: jiki kan fara zufa da wuri, ya rage zubar da gishiri, bugun zuciya ya daidaita. Wannan ne ya sa ba na yarda in shirya wa mutum kwana uku. Kwana uku wahalar kawai za ka saya, ka juyo daidai lokacin da daɗin zai fara. Idan kuɗin ba zai kai ku kwana shida ko bakwai a otal mai tsada ba, ku sauko ku kama matsakaici ku ƙara kwanaki. Na gwada duka biyun da mutane, na ga wanda ya fi.

Yanzu maganar watan da za ku tafi, wadda a ganina ta fi zaɓen otal muhimmanci nesa ba kusa ba. Zanzibar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka lokutansu sun saɓa da namu. Iska biyu ce ke juya shekararsu. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, suna ce mata kaskazi, lokacin zafinsu ke nan, Fabrairu da farkon Maris su ne ƙololuwa. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu sai babbar damina, masika a bakinsu, kuma Afrilu ne watan da ruwa ya fi yawa. Ba irin ruwanmu ba ne da zai zuba awa guda gari ya washe, yakan wuni ya kwana yana yi, teku ya yi duhu, wasu otal-otal ma rufewa suke su yi gyara. A wannan lokacin ne farashi ke faɗuwa, kuma a nan ne mutanenmu ke faɗawa, domin araha ba ta da wuyar jan hankali. Daga Yuni zuwa Oktoba iskar kudu ce, kusi, ita ce ke kawo musu sauƙi: rana ba ta cika wuce digiri 28 ko 29 ba, dare na da daɗin barci, laima ta ragu, ruwan sama kaɗan ne. Sannan a wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba a yi ƙaramar damina da suke kira vuli, wadda ruwanta kan zo ya wuce.

Ka ga ke nan lokacin da muke tsakiyar damina a Bauchi, Yuli da Agusta, shi ne lokacin da can ya fi daɗi. Ga ɗan Arewa da bai taɓa zama a laima ba, ni daga Yuli zuwa Satumba nake zaɓa masa, ko da kuwa tikiti da ɗaki sun fi tsada. Na tura ma'aurata biyu otal ɗaya, ɗaki iri ɗaya, waɗannan a Afrilu saboda sun nace sai lokacin, waɗancan a Agusta. Na farkon sun kwana huɗu suna kallon ruwan sama ta taga, matar ta ce mini ko takalminta bai bushe ba har suka dawo. Na biyun har yau idan muka haɗu da mijin a kasuwa sai ya tayar da zancen.

Bayan zaɓen wata sai gefen tsibirin. Babban tsibirin sunansa Unguja, ɗan'uwansa Pemba na arewa da shi, kuma yawancin baƙi Unguja suke zuwa. Akwai abin da hoto ba ya nunawa, wato cika da janyewar teku. Sau biyu a kwana guda ruwa kan cika ya kuma janye, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kullum kuma lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa, shi ya sa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin sha huɗu, sha biyar, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A gabashin tsibirin, wuraren Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye sai ka hango shi can nesa kamar ya yi ƙaura, ya bar farin yashi da tsakuwar teku da 'yan kududdufai. Wani ya kira ni daga can ransa a ɓace, wai an yaudare shi, otal ɗin ba a bakin ruwa yake ba. Na ce ya yi sallar la'asar ya sake leƙawa. Ni kam wannan lokacin janyewar na fi so, domin a nan ne matan ƙauyen ke fitowa da zannuwansu masu launi suna aikin ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiyoyi da turaku, jere-jere kamar kunyoyin gyaɗa, sai dai a cikin ruwa. Gabas kuma ta fi samun iska. Idan kuwa burinku shi ne ku shiga ruwa duk sa'ar da kuka so, to arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, nan ne ruwa ba ya nisa sosai, kuma daga nan ake ganin faɗuwar rana a kan teku. Sai dai sun fi cunkoso da hayaniya.

Ko wane gefe kuka zaɓa, tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya: ɗakin yana fuskantar iska, akwai na'urar sanyaya ɗaki da fanka, kuma akwai janareto idan an ɗauke wuta? A wurin laima iska mai motsi ita ce komai. Ɗaki mai araha da ke can baya, bayan katanga, inda iskar teku ba ta kaiwa, zai iya ɓata muku tafiyar gaba ɗaya.

Sai yadda za ku tsara wuninku, kuma a nan mu Musulmi mun samu sauƙi, don lokutan salla sun riga sun yanka mana ranar yadda ya kamata. Daga sallar asuba zuwa hantsi shi ne lokacin zinariya: iska da sanyi-sanyi, yashi bai ɗau zafi ba, masunta na dawowa da jiragensu masu filafilai. A nan za ku yi tafiyar ƙafa, ku shiga ruwa, ku je yawon gari. Daga wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa la'asar ku nemi inuwa, ku ci abinci, ku yi ƙailula ba tare da jin kuna asarar kuɗi ba. Bayan la'asar a sake fitowa har isha'i. Mutanen can kalmar da ba ta barin bakinsu ita ce pole pole, wato sannu sannu, kuma yanayinsu ne ya koya musu. Waɗanda na ga sun fi jigata su ne masu cewa tunda sun biya sai sun ga komai: da safe gonar kayan ƙamshi, da tsakar rana tsohon gari, da yamma jirgin ruwa. A kwana na biyu ciwon kai ya kwantar da su. Tsohon garin nan, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, ya cancanci a ba shi safiya biyu. Lungunansa matsattsu ne, akwai inuwa amma iska ba ta ratsawa, da rana tsaka kamar cikin tukunya yake. Da sassafe kuwa za ka tsaya ka ƙare wa ƙofofinsa na katako masu sassaƙa kallo a natse, ka je inda aka yi kasuwar bayi da aka rufe a 1873, ka ji abin da ya ratsa zuciyarka.

Ka tambaya ko ana jin daɗi da gaske, to bari in gaya maka abin da mutanenmu ke ambata idan sun dawo. Na farko tekun kansa. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Dadin Kowa ko na Gubi, inda kana hango tsallake, ranar da mutum ya tsaya gaban ruwan da ba shi da ɗaya gefen wani abu kan taɓa shi. Na raka wata dattijuwa da ɗanta ya kai ta bayan ta yi jinya. Da muka isa bakin ruwa ta cire takalmi, ta tsaya igiyar ruwa na zuwa tana shafar ƙafarta tana komawa, yashi na zamewa a ƙarƙashin diddigenta. Ta fi minti goma ba ta ce uffan ba sai tasbihi. Daga baya ta ɗebo ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce ashe da gaske ne gishiri ne. Ɗan nata ya gaya mini ko a nan aka tsaya kuɗinsa ya biya.

Na biyu, ruwan ba shi da sanyi. Duk shekara yana tsakanin digiri 25 da 29, wato ya ɗan gaza na Wikki da ke Yankari, wanda ke kan 31 ba ya canzawa. Duk wanda ya taɓa shiga Wikki ya ƙi fitowa ya san abin da nake nufi. Na uku, laimar nan da muke kuka da ita tana da nata alherin. Fata kan yi laushi, kaushi ya kwanta, hanci ya daina bushewa, mai fama da ƙurar hunturu ya ji numfashinsa ya buɗe. Mata sun fi lura da wannan. Sannan abinci: kifi ɗanye shar daga cikin ruwa zuwa kan wuta, jatan lande, shinkafar pilau mai kanumfari da kirfa, ruwan ɗanyar kwakwa da ake fasa maka a gabanka. Da magariba a lambun Forodhani masu gashi kan jera tebura, hayaƙi na tashi kamar layin masu tsire, sai dai ka zaɓi wanda aka gasa a kan idonka, kada ka ci wanda ya jima a ajiye.

Akwai kuma abin da ya sa nake fifita Zanzibar ga mutanenmu a kan wurare da yawa. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne. Za ka ji kiran salla, ka ga maza da farar riga da hula, mata da lulluɓi, yanka ba abin damuwa ba ne a cikin gari. Harshensu na Suwahili ya sha Larabci kamar Hausa, har ka riƙa tsintar kalmominka a bakinsu: labari su ce habari, lokaci wakati, sabulu sabuni, duniya dunia, lafiya afya. Baƙunta kan ragu da rabi. Ka dai kula da agogo, domin a Suwahili daga fitowar rana ake fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Idan direba ya faɗa maka lokaci, ku daidaita da wane lissafi yake nufi.

Amma kada in ɓoye maka ɗaya ɓangaren, don shi ne abin da ya fi zafi ɓata wa wasu iyalai rai. Cikin gari daban, manyan otal-otal na bakin ruwa daban. A can Turawa ne suka fi yawa, da kayan wankansu da ba su rufe komai ba, ana sayar da giya, wasu wuraren kiɗa har tsakar dare. Idan kai ko amaryarka ba za ku iya zama a irin wannan wuri da kwanciyar hankali ba, ka faɗa wa mai shirya maka tafiya tun farko, a nema muku ƙaramin masauki a wuri mai shiru, ko wanda ba a sayar da giya. Akwai su. Kuma don Allah ka zauna da ita ku yi maganar, kada ka mayar da tafiyar abin ba-zata. Ita ce za ta fi jin laimar. Kai za ka iya fita da 'yar riga mara nauyi, ita kuwa tana cikin doguwar riga da hijabi. Hijabin roba mai santsin nan da ake yayi, a can azaba ne, ba ya shan zufa, ba ya barin iska ta shiga. Ta nemi na auduga marasa nauyi, masu faɗi, masu haske, ta ɗebi da yawa tunda wanki ba ya bushewa da wuri. Leshi da shadda a bar su a akwatin lefe. Ƙurajen zafi kan fito a wuya da hammata da duk inda tufa ta matse, maganinsu wanka akai-akai, busar da jiki sosai, da sakakkun kaya. Kwalliya mai nauyi ma ba ta zama a fuska.

Akwai waɗanda ba na ba su shawarar zuwa a watannin zafi ko kaɗan: tsofaffi masu ciwon zuciya, masu hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, masu ciwon ƙoda, mai tsohon ciki, da jarirai. Irin waɗannan sai sun ga likitansu tukuna. Ku da kuke da ƙuruciya, abin da ke kanku shi ne shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo. Ka riƙa duba fitsarinka, idan ya yi ja to kana baya. Ku tafi da 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na kemis. Wanda ya ji jiri, tashin zuciya da ciwon kai, ya koma inuwa nan take, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita. Idan ya fara rikicewa ko surutai, wannan ba na jira ba ne, asibiti za a nufa. Kada kuma ka yarda da zancen cewa rana ba ta ƙona baƙar fata. Farin yashi da ruwa suna mayar da hasken, na ga kafaɗun mutanenmu sun saɓule. Sauro ma yana nan, ku kwana cikin gidan sauro kamar a gida.

Maganar da nake yi wa kowa da babbar murya ita ce ta ruwan kansa. Iya iyo a kogin Gongola ko a kududdufin unguwa ba shi ne iya teku ba. Akwai wata igiya da ke komawa ciki ta ƙarƙashin ido, ta ja mutum daga inda ruwa ke iya ƙugunsa zuwa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bi ta gefe, a tsawon gaɓar, har ya fita daga cikinta, yana ɗaga hannu a gan shi. Wannan ta fi muni a gaɓar Atlantika, wato Legas da Kwatano da Ghana, inda ruwa ke da ƙarfi ƙwarai. A gabashin Zanzibar duwatsun murjani sun tare manyan igiyoyi, amma akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasa, ku sa takalmin roba idan za ku taka. In za ku hau ƙaramin jirgi, ba rigar kariya, ba tafiya, ko mai jirgin ya rantse.

Takardu ba su da yawa amma suna son lokaci. Ku tanadi katin rigakafin cutar shawara, domin ana tambayar wanda ya fito daga Najeriya. Bizar Tanzaniya ku neme ta da wuri, kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Fasfon amarya shi ne abin da angwaye suka fi mantawa da shi sai an kusa. Babu jirgi kai tsaye daga Bauchi ko Gombe, sai kun bi ta Abuja ko Kano, ku sauya a Adis Ababa, kuma agogonsu ya riga namu da awa biyu. Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, yawancin wuraren abinci na cikin gari a rufe suke da rana, ga ƙishirwar laima, ni ba zan zaɓa muku wannan lokacin ba.

In kana shakkar yadda jikinku zai karɓi abin, akwai gwaji mai sauƙi. Ku je Legas ku yi kwana uku, ku hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay inda ruwan ya fi lafawa, ku ga yadda barcinku da cin abincinku za su kasance. Ghana ma ba ta buƙatar biza ga ɗan Najeriya, ga Akara, ga Elmina da tsohon ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482. Laimar duk ɗaya ce, sai dai ruwan bai kai na tekun Indiya haske da kwanciya ba.

Ba ka gaya mini watan da za a ɗaura auren ba. Idan ya faɗo tsakanin Yuni da Oktoba, ku tafi bayan an watse biki da mako guda, amarya ta huta tukuna. Idan kuwa ya faɗo a Maris, Afrilu ko Mayu, ku tare a gidanku, ka bar kuɗin a inda yake, ku yi amfani da watannin wajen fasfo da biza, sai ku tashi a Yuli.